Tsatsa Ba Ta Sallama

Da hutun damina na koma gida Kazaure, na bi Kawu kamun kifi da dare a dam. Jirginsa mai inji ya girme ni. Muna tsakiyar ruwa sai na ji ƙaurin roba, hayaƙi yana tashi daga wayar fitila, ga jarkar fetur a gefe. Kawu ya fizge kan batir, har ya ƙona yatsu.

Da gari ya waye muka buɗe ɗan makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in ta yi yawa. Ashe laima ta shige shi, tsatsa ta manne shi. Na ce, "Kawu, yaushe rabon da a duba shi?" Ya ce, "Ai bai taɓa ba ni wahala ba, yaro."

To, nan gizo ke saƙar. Jirgin da ya kife a Bagwai a 2021, aka rasa aƙalla mutum 29, lodi ne aka ce ya yi masa yawa. Lodi ido na ganinsa, amma tsatsa a ɓoye take ci.

Ran nan na taɓa kuɗin guzurina na sayo wa Kawu sabon makunni. Allah Ya kiyaye gaba.