Zangon Jemagu a Kasanka

Daga Lusaka, babban birnin Zambiya, wuni guda ake yi a mota kafin a kai gandun dajin Kasanka. Na bi babbar hanyar arewa ta Kabwe da Kapiri Mposhi da Serenje, sannan na karkata zuwa gandun dajin, tafiyar da ta haura kilomita 500. Gandun bai cika murabba'in kilomita 400 ba, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba manyan jemagu masu wuya ruwan ɗorawa kan sauka a wani ɗan kurmin fadama da ke cikinsa, akasarinsu daga dazuzzukan Kwango. Masu ƙiyasi kan ce suna tsakanin miliyan 5 zuwa 10. Daga dandamalin kallo na Fibwe na ga yadda suke cunkushe a rassa har reshe ya karye don nauyi, da magariba kuma su tashi su rufe sararin sama. Abin da ke kawo su 'ya'yan itatuwan da ke nuna da faɗuwar damina ne, musamman wanda mutanen yankin ke kira masuku. Da ido da hanci suke neman abinci, ba da amsa-kuwwa ba kamar ƙananan jemagu masu cin ƙwari.

Wanda ya ga wannan taro zai ce ai halittar da ta kai haka yawa ba ta buƙatar a tausaya mata. Ni kuwa akasin haka na fahimta. Macen jemage ɗa guda take haifa a shekara, don haka ɓarnar wata ɗaya sai an yi shekaru ba a mayar da ita ba. Kasanka kuma zango ne kawai. Waɗanda aka maƙala wa na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam a nan an ga sun yi tafiyar fiye da kilomita 2,000, suna ratsa gonaki da garuruwan da babu mai gadin daji. Tun 2008 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa su cikin halittun da ke dab da shiga haɗari. A kudancin Ghana kaɗai bincike ya ƙiyasta ana sayar da kimanin 128,000 kowace shekara don ci. Shingen gandu guda ba ya kare matafiyi. Abin da ke kare shi su ne itatuwan da zai rataya a kansu a kowane zango.

Irin wannan jemagen ne fa ke yini a itatuwan da ke gefen Asibitin Soja na 37 a Accra, da Kumasi, da Ile-Ife, kuma idan damina ta kama sai ya yi arewa yana bin ruwa zuwa ƙasashenmu. Aikinsa shuka ne. Yakan tauna ɗan itace ya tsotse ruwan ya tofar da tuƙar, wataƙila daga nan aka samo zancen cewa ta baki yake kashi, amma ƙananan iri yana haɗiye su ya zubar a sama yana tafe. A Ghana an gano yana iya kai iri nisan kilomita 75, ya tsallake filayen da aka sare, inda biri da yawancin tsuntsaye ba sa ratsawa. Itacen loko, wanda masu katako ke ji da shi, yana cikin masu dogaro da shi. Furen ɗorawa da na rimi da na kuka kuwa da dare suke buɗewa, jemagu na cikin masu yi musu barbara. Duk mai son daddawa da miyar kuka yana da ruwa da tsaki a wannan magana.

Masu ƙorafi suna da hujja. Jemagu na ɓata mangwaro, suna da hayaniya da wari, kuma suna ɗauke da ƙwayoyin cuta: a jikin wannan nau'in aka fara gano wata 'yar'uwar cutar haukan kare a Legas a 1956. Sai dai a duba inda haɗarin yake. Jama'a sun daɗe suna kai da kawo a ƙarƙashin itatuwan Accra. Wanda ke taɓa jinin jemage da yawunsa shi ne mafarauci da mai fiɗa da mai cin ɗan itacen da ya gatsa. Sare itacen kuwa ba ya rage cuta, tarwatsa taron yake yi ya bazu cikin unguwanni. Mai lambu yana da hakkin kare amfaninsa, ya tsinke da wuri ko ya lulluɓe da raga, asararsa kuma ta kaka guda ce, ta dajin da babu mai shuka shi ba ta da ranar biya.

Saboda haka, mai karatu, idan jemagu sun yi zango a itacen unguwarku, a hana yara harbinsu da danƙo, kada a ci abin da suka gatsa, kuma a bar itacen a tsaye.