Tsimin Kuɗin Makaranta Da Yaron Da Ba A Gano Ba

Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san wani irin yaro. Shi ne wanda kan gama lissafin da aka rubuta a allo tun malam bai koma kujerarsa ba, sa'an nan ya zauna yana kallon taga, ko kuwa ya shiga tsokanar na kusa da shi. Sau da yawa akan rubuta a takardar sakamakonsa cewa ba ya natsuwa, alhali abin da ke damunsa shi ne an ba shi aikin sa'a guda ya gama cikin minti goma. A ƙasar Amurka ana kiran irin waɗannan yara masu baiwa, kuma hukumomin ilmi na gundumomi da yawa sun ɗauki ma'aikata na musamman don kula da su a makarantun firamare. To, duk lokacin da aka ce kuɗin ilmi ya kasa, waɗannan ma'aikata suna cikin na farko da ake sallama.

Ya kamata mai karatu ya san ko su wane ne su. Akwai malama mai zagaye, wadda ba ta da aji nata na kanta. Yau tana wannan makaranta, gobe tana waccan, da littattafanta da kayan gwaje-gwajenta a bayan mota. In ta iso, sai ta tara yaran da suka yi wa ajinsu nisa, ta ba su aikin da ya yi daidai da ƙarfinsu na 'yan sa'o'i, ta kuma nuna wa malamin aji yadda zai yi da su sauran kwanakin mako. Akwai jami'in da ke tsara shirin a ofishin gunduma, mai riƙe da sunaye da rubuta wa iyaye takarda. Akwai kuma masanin halayyar yara, wanda ke zama da yaro ɗaya ɗaya yana auna basirarsa. Wannan na ƙarshe shi ne mai buɗe ƙofa, gama a wurare da dama ba a sa yaro cikin shirin sai da sakamakon gwajinsa.

Dalilin da ya sa wuƙa ke fara faɗawa kansu ba ɓoyayye ba ne. Yawancin kuɗin makarantun gwamnati a Amurka daga jihohi da harajin gidaje na gundumomi yake fitowa, abin da Gwamnatin Tarayya ke bayarwa kuwa bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba a yawancin shekaru. Wajen kashi 80 cikin 100 na abin da ake kashewa yau da kullum albashi ne da haƙƙoƙin ma'aikata, saboda haka mai son tsimi tilas ya taɓa mutane. Tun 1975 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa makarantu ba yara naƙasassu ilmin da ya dace da su, kuma iyaye na iya kai ƙara kotu in an hana su. Yara masu baiwa ba su da irin wannan doka a tarayya, kowace jiha da yadda ta ga dama. Bugu da ƙari, dokar ilmi da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta riƙa auna makaranta ne da yawan yaran da suka haye wani mizani a karatu da lissafi. Yaron da ya riga ya haye mizanin tun farkon shekara ba ya ƙara wa hedimasta komai, ba ya kuma rage masa. An sake dokar a 2015, amma kafin nan makarantu sun shafe shekaru goma sha uku suna juya hankalinsu da kuɗinsu ga yaran da ke dab da faɗuwa.

Tarihin al'amarin kansa hawa da sauka ne. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a Oktoban 1957, hankalin Amurka ya tashi, a 1958 Majalisa ta yi dokar zuba kuɗi a koyar da kimiyya da lissafi da harsunan waje. A 1972 Kwamishinan Ilmi na ƙasar, Sidney Marland, ya miƙa wa Majalisa rahoto wanda ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na 'yan makaranta masu baiwa ne. Abin mamaki a rahoton shi ne fiye da rabin makarantun da aka tambaya sun ce ba su da irin waɗannan yara ko ɗaya. An buɗe ofishi na musamman a tarayya bayan rahoton, sai aka rufe shi a farkon mulkin Shugaba Reagan. A 1988 aka yi dokar da aka sa wa sunan Sanata Jacob Javits don tallafa wa bincike da shirye-shiryen masu baiwa, a 2011 Majalisa ta hana ta ko kwabo, sai a 2014 aka maido mata da dala miliyan 5 ga ƙasa baki ɗaya. A jihar Kalifoniya ma, a 2009 an yardar wa gundumomi su kashe kuɗin masu baiwa a kan duk abin da suka ga ya fi matsa musu, a 2013 kuma aka narkar da kason cikin babban asusu.

Amma babu inda aka ga abin da wannan tsimi ke haifarwa ƙarara kamar gundumar Broward ta jihar Fulorida, arewa da birnin Miyami, wadda ke da 'yan makaranta fiye da dubu 200. A da can, yaro ba ya zuwa gaban mai auna basira sai malaminsa ko iyayensa sun gabatar da shi. A 2005 hukumar gundumar ta sake tsari. Ta ce kowane yaro na aji biyu, watau ɗan shekara bakwai ko takwas, zai zauna gajeren gwaji na siffofi da zane-zane wanda ba ya bukatar iya Turanci. Wanda ya yi fice sai a aika shi ga masani don cikakken gwaji. Ba a sassauta makin shiga ba, yana nan yadda yake: 130 ga kowa, 116 ga 'ya'yan marasa hali da waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Da yake yaran da za a auna sun ƙaru ƙwarai, hukuma ta ware kuɗi don biyan masanan ladan aikin bayan tashi.

Wasu masana tattalin arziki biyu, David Card, wanda ya sami lambar Nobel a 2021, da Laura Giuliano, suka bi diddigin abin da ya faru, suka buga sakamakonsu a 2016. Yaran 'yan asalin Latin Amurka da aka gano suna da baiwa sun tashi daga kimanin kashi 2 zuwa kashi 6 cikin 100. Na baƙaƙen fata sun tashi daga kashi 1 zuwa kashi 3. Na Turawa kuwa daga kashi 6 zuwa 8 kawai suka motsa, domin dama can ana gano yawancinsu. Yaran nan ba daga sama suka faɗo ba. Suna zaune a azuzuwansu tun da can, a unguwannin da ba a saba neman masu baiwa ba, malamansu ba su gabatar da su ba, iyayensu kuma ba su san akwai abin da ake gabatarwa ba.

Ana cikin haka sai tattalin arzikin Amurka ya fara durƙushewa. A 2007 gundumar ta soke kuɗin aikin bayan tashi na masu auna basira. Gajeren gwajin ya ci gaba, amma yaran da suka yi fice a cikinsa suka taru suna jiran cikakken gwajin da babu isassun hannuwan yi. A 2010 aka dakatar da shirin ɗungurungum, kuma adadin 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da ake ganowa ya koma inda ya fito. An maido da wani irin gwaji a 2012, sai dai bai ba da sakamako irin na farko ba. Yaron da ya shiga aji biyu a 2006 an duba shi, ƙanensa da ya shiga a 2011 ba a duba shi ba, ga gida ɗaya, ga makaranta ɗaya.

Masu kare irin wannan tsimi suna da magana guda da suke maimaitawa, wai yaro mai baiwa zai fita da kansa ko an taimake shi ko ba a taimake shi ba. Maganar tana da gaskiya a kan wani yaro, watau ɗan gidan da akwai littattafai da kwamfuta da uwa mai digiri. A Fulorida doka ta yarda iyaye su kai ɗansu ga masani mai zaman kansa su biya, su kawo wa makaranta sakamakon. Saboda haka ranar da gunduma ta daina biyan masu auna basira, ɗan likita bai rasa komai ba, ubansa ya sa hannu a aljihu. Wanda ya rasa shi ne ɗan mai wanke kwanuka a gidan abinci, wanda uwarsa ba ta iya karanta takardar da makaranta ta aiko ba. Kuma rashin nasa ba ya fitowa a kowane littafin lissafi. In an rufe ɗakin karatu, kowa ya ga kwaɗo a ƙofa. In ba a gano yaro ba, babu mai kuka, domin shi kansa bai san an tsallake shi ba.

Duk da haka, adalci ya sa a saurari mai riƙe da asusu. Mutumin da aka ce ya rage miliyoyi, ga malamin aji mai yara ashirin da biyar, ga malama mai zagaye da yara goma sha biyu, ba mugunta ce ta sa ya zaɓi ta biyun ba. Haka kuma binciken Card da Giuliano bai yabi shirin ido rufe ba. Sun tarar cewa yaran da gwajin basira ya shigar da su ajin musamman, makinsu na jarrabawar jiha bai ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Amma sun tarar da wani abu dabam. Ƙa'idar gundumar ta ce makarantar da ke da mai baiwa ko da guda ɗaya a aji huɗu sai ta buɗe masa aji na musamman, a cike sauran kujerun da yaran da suka fi ƙoƙari a jarrabawar bara. Baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka da suka sami waɗannan kujeru sun ci gaba sosai a karatu da lissafi, kuma ba a ga yaran da aka bari a sauran azuzuwa sun koma baya ba. Ashe gano yaro ɗaya a makarantar unguwar talakawa yakan buɗe aji ga wasu kusan ashirin. Ladan aikin bayan tashi da aka soke a 2007 shi ne mabuɗin wannan aji.

Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce ga wannan tambaya. Tun 1990 akwai makarantar Gwamnatin Tarayya ta masu baiwa a Suleja, cikin Jihar Neja, kuma da jarrabawa ake shiga. Amma makarantar sakandare ce, kuma jarrabawa ba ta auna kowa sai wanda aka cika wa fom aka kai shi zaure. Tsakanin yaron aji uku a firamaren ƙauye da wannan zaure akwai tafiya mai nisa, wadda ba za ta yiwu ba sai da wani babba da ya lura da shi, ya faɗa wa ubansa, ya nuna masa hanya. Abin da Broward ta nuna shi ne in an bar wannan aiki ga sa'a da sanayya, 'ya'yan waɗanda suka riga suka san hanya ne za su cika kujerun.

Don haka duk inda hukumar ilmi ta zauna yanke kasafi, akwai tambayoyi biyu da ya kamata iyaye da wakilansu su yi kafin a sallami mai zagaye ko mai auna basira. Yara nawa wannan ma'aikaci ya gano bara, kuma daga waɗanne unguwanni? In ya tafi, wa zai duba 'yan aji biyu na bana? In amsar ita ce babu kowa, to a rubuta haka a cikin takardar kasafin, kusa da adadin kuɗin da aka tsimi, don masu sa hannu su san abin da suka sayar.