Abin da Tagullar Tsofaffin Motoci ta Koya Mini

Motocin farko-farko, a Amurka da Turai, da tagulla aka yi musu ado: fitilu, oda, bakin lagireto, har da mariƙin ƙofa. Ford Model T da ta fito a 1908 da lagireton tagulla ta zo, sai a samfurin 1917 kamfanin ya koma baƙin ƙarfe mai fenti. Na shiga harkar goge tagullar motoci ne lokacin da nake karatu a Ingila, ina taya wani dattijo aiki a garejinsa ranakun Asabar. A watan Oktoba aiki ke rincaɓe mana, domin ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake jerin gwanon motocin da aka ƙera kafin 1905 daga Landan zuwa Brighton, kowa kuwa so yake tasa ta fi ƙyalli.

Kafin maigidana ya ba ni tsumma, maganaɗisu ya fara miƙo mini. Tagulla haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, maganaɗisu ba ya kama ta. In ya manne, to ƙarfe ne aka yi wa rufin tagulla sama-sama, ka matsa masa da guga sai rufin ya tafi.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne, man goge tagulla, ko Brasso ne da ake sayarwa tun 1905, kankare ƙarfen yake yi kaɗan-kaɗan. Jikin fitilun nan siriri ne ƙwarai. Na sha riƙe wadda aka goge har sunan maƙerinta da aka buga a jiki ya shafe, wata ma ta huje a kusurwa. Shi ya sa mukan fara da ruwan ɗumi da sabulu, mu cire maiƙo da ƙura, sannan mu shafa mai da tsumman auduga mai laushi, da hannu. Soson ƙarfe da samfefa ba sa zuwa kusa. Injin guga kuwa, a ganina, ya fi tsatsa ɓarna a hannun mai gaggawa.

Akwai kuma sinadarin amoniya da ke cikin wasu mayukan. Tagullar da aka lanƙwasa ko aka matsa a wajen ƙira tana tsagewa idan ya daɗe a jikinta. Sojojin Birtaniya a Indiya sun ga haka tun da daɗewa: kwanson harsasan da suka ajiye a bargar dawaki da damina ya riƙa tsattsagewa, ashe amoniyar fitsarin dawakin ce. Don haka duk farin man da ya maƙale a lungu sai mun bi shi da tsohon burushin haƙori mun fitar.

Lemun tsami da gishiri, ko ruwan tsamiya da iyayenmu ke wanke kayan tagulla da shi, suna cire dattin da ya yi kore, babu shakka. Amma in suka jima sai su cinye tutiyar, wurin ya koma ja-ja, saboda haka a ɗauraye da wuri a busar sarai.

Bayan guga, kaki muke shafawa siriri don ya tare iska da gumin hannu. Mai irin wannan mota, ko wata tsohuwar tagulla ta gado a gida, ya gwada man a ɓoyayyen wuri tukuna, kuma in ya ga rubutu ko zane a jiki, ya sassauta hannu a kansa.