Tattakin Kilomita 150 Domin Giwaye

Karatu: Misalai 12:10, Luka 14:12-14



A ƙasashe da yawa akwai wata hanyar tara gudummawa da ake yi da ƙafa. Mutum zai ce zai taka daga wannan gari zuwa wancan, 'yan'uwa da abokai su yi masa alkawarin wani abu a kan kowace kilomita da ya ci, in ya isa a haɗa kuɗin a miƙa wa masu aikin jinƙai. Ana yi domin marayu, ana yi domin marasa lafiya, ana kuma yi domin giwayen da ke ɗaure a hannun mutane. Na ƙarshen nan ne ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya, shi nake so mu duba tare.

Mu a nan mun san giwa a jeji take, kamar waɗanda suka rage a Yankari. A ƙasar Tailan kuwa, can Asiya, dubban giwaye dabbobin gida ne. Shekaru aru-aru su ne ke jan itacen katako daga kurmi. A 1988 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a kudancin ƙasar, aka ɗora laifin a kan sare itatuwa, gwamnati ta hana sana'ar a 1989. Dare ɗaya giwaye da masu kiwonsu suka rasa aiki. Wasu aka shiga da su birnin Bangkok ana bara, yawancinsu aka kai su wuraren 'yan yawon buɗe ido, suna ɗaukar baƙi a bayansu daga safe har yamma.

Ba a haifar giwa da yarda a hau ta. A wurare da yawa akan raba ɗan giwa da uwarsa, uwar da ta ɗauki cikinsa wata 22, a ɗaure shi cikin matsattsen shingen itace, a hana shi barci da abinci, a yi ta dukansa da ƙugiyar ƙarfe har zuciyarsa ta karye. Daga nan sai sarƙa da turke. Dabbar da Allah ya yi domin ta wuni tana yawon kiwo sai ta kwana tsaye wuri guda, a kan daɓen siminti, har tafin ƙafarta ya tsage, gaɓoɓinta su sandare. Wata mata mai suna Saengduean Chailert, wadda aka fi sani da Lek, ta ba da rayuwarta ga fansar irin waɗannan giwaye. Ta buɗe musu mafaka mai suna Elephant Nature Park a arewacin Chiang Mai, inda tsofaffi da makafi da guragu a cikinsu ke ƙarasa kwanakinsu ba sarƙa. Giwa ɗaya tana iya cin abin da ya kai kilo 150 na ciyawa da ganye a yini, shi ya sa irin wannan aiki ba ya tsayawa sai da gudummawar jama'a.

Sai ga korona a 2020. Aka rufe iyaka, baƙi suka daina zuwa, kuɗi ya yanke, giwaye suka fara ramewa a kan turakunsu. Ƙungiyar Lek ta taimaka wa masu su su mai da su ƙauyukansu na asali, inda akwai ciyawa da ruwa. Kuɗin hayar manyan motoci babu, sai aka yanke shawarar a taka. Ran 30 ga Afrilu wani ayari na giwaye 11, da masu su, da masu kiwonsu, suka tashi daga gundumar Mae Wang zuwa Mae Chaem, ƙasar ƙabilar Karen. Nisan wajen kilomita 150 ne, ya ɗara tafiyar Jos zuwa Bauchi, ga hawan duwatsu, ga zafi. Ran 4 ga Mayu suka isa, mutanen ƙauye suka fito suka tarye su. A cikin makonnin nan giwaye fiye da 100 ne suka koma gida da ƙafa.

Na san abin da ke bakin wasunmu, don ni ma na tambayi kaina. Muna da 'yan'uwa a sansanin gudun hijira, muna da gwauraye da ba su iya sayen mudun masara, sa'an nan a zo mana da zancen giwar Tailan? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan ce ran giwa ɗaya yake da ran mutum ba. Mutum kaɗai aka yi cikin siffar Allah. Amma ku lura da waɗanda suka yi tafiyar nan. Talakawa ne da sana'arsu ta mutu, suna da 'ya'ya, ba su san abin da za su ci gobe ba. Taimakon da ya kai giwa gida shi ne ya kai mai kiwonta gida wurin iyalinsa. Ban kuma taɓa ganin mutumin da tausayin dabba ya cinye masa tausayin mutane ba. Abin da na fi gani shi ne, yaron da ya saba jifan kare don nishaɗi ba ya shan wuyar ɗaga hannu a kan ƙanensa.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. A Farawa sura 1 Allah ya ba mutum mulki bisa dabbobi, a sura 2 kuma ya sa shi a gona ya yi aikinta ya tsare ta, wato mulkin na wakili ne da zai ba da lissafi ga Mai kaya. A Fitowa 23 hutun Asabaci ya haɗa har da sa da jaki, aka kuma umarta cewa ko jakin maƙiyinka ne kaya suka danne, ka tsaya ka taimaka. Da Yunana ya yi fushi don ba a hallaka Nineba ba, Allah ya tuna masa da mutanen birnin, ya kuma ambaci dabbobinsu. Misalai 12:10 ya sa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci.

Abin da ya fi kama ni shi ne wannan. Sarƙa tafiya ta ƙwace wa giwa, waɗannan mutane kuwa tafiyarsu suka ba ta. Tura kuɗi ta waya abu ne mai kyau, amma wanda ya taka har ƙafarsa ta yi bororo ya ɗanɗana kaɗan daga wahalar wanda yake taimako, jiki magayi. Giwa kuma ba za ta rubuta masa takardar godiya ba, ba za a kira sunansa a majami'a ran Lahadi ba. Irin alherin da Yesu ya koyar ke nan a Luka 14, a yi wa waɗanda ba su da halin ramawa. Shi kansa da ƙafa ya zaga Galili da Yahudiya, da ƙafa ya hau zuwa Urushalima, domin ya kwance mu da muke ɗaure, alhali ba mu da abin biya.

Ba lallai mu je Tailan ba. Akwai jakin da ke ɗauko mana yashi da gyambo a bayansa, akwai shanun huɗa da ake kaiwa har rana ta take ba a ba su ruwa ba, akwai akuyar da ke wuni a turke cikin rana a bayan ɗakinmu. Akwai kuma tsohuwar da ƙafa ta hana ta zuwa sujada, gidanta bai kai kilomita biyu daga namu ba. A wannan mako kowannenmu ya zaɓi guda ɗaya cikin waɗannan, ya tashi ya je.

Bari mu yi addu'a: Ya Uba, Mahaliccin kome, ka ba mu zuciya mai tausayi ga duk abin da ka sa a hannunmu. Ka ƙarfafa waɗanda ke wahala domin halittarka, ka koya mana yin alheri ba tare da jiran godiya ba. A cikin sunan Yesu. Amin.