Jirgin Agege ba ya jiran gaisuwa

Mu 'yan Kebbe ba mu tashi da jirgin ƙasa ba. Layin dogo bai taɓa isa Sakkwato ba, balle Tambuwal. Tun 1929 ya tsaya a Ƙaura Namoda, ya yi zamansa. Sai a Agege na fara ganin jirgi ido da ido, bayan na kwana biyu a saman buhunan albasa, mun bi ta Jega da Yawuri da Kontagora har Ikko. Kawuna mai sayar da goro a bakin dogo ya nuna mani shi da haɓa, ya ce, "Ga shi nan tahe, ɗauke ƙahwarka."

Tsohon jirgin kenan, mai tasowa daga Ijoko da safe ya nufi Iddo, ya komo da yamma. Mutane cunkushe a ƙofa, wasu tsakanin taragu, wasu ma bisa rufi sun miƙe ƙafa kamar a zauren gidansu. Kasuwa kuwa a kan dogon take ci. Da an ji ƙaho sai kowa ya janye tirensa da lemarsa, jirgi ya ratsa yana shafar kwandon tumatir, kafin ƙura ta lafa an mayar da kaya ana ciniki. In ka tambayi ƙarfe nawa zai iso, dariya za a yi maka. Yana tafe, shi ke nan.

Da aka ce gwamnatin Legas za ta mayar da wannan hanya ta zama jirgin cikin gari, na ɗauka sababbin taragu kawai za a sayo a ɗora. Nan na fara kuskure. Red Line, wanda hukumar LAMATA ke kula da shi, ya bi hanyar da dogon Legas zuwa Ibadan yake bi, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, tashoshi takwas, har da Agege da Ikeja da Oshodi. Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairun 2024, fasinja suka fara shiga a watan Oktoba. Amma abin da na ga ya ci lokaci shi ne raba jirgi da jama'a. An gina gadojin sama a Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo don motoci su daina gittawa, an katange inda muka saba tsallakawa. Jirgin da zai riƙa kai da komo da sauri ba zai iya rage gudu don wani ya kwashe barkononsa ba. Ashe katanga da gada su ne rabin aikin.

Darasi na biyu, kaina na koya wa. Na sa kuɗi a katin Cowry, na iso tasha da sauran lokaci, sai na hangi wani dattijo ɗan Dogon Daji. Basakkwace kuwa ba ya ganin babba ya wuce. Na durƙusa, ina gida, ina iyali, yaya damana, wa ya rasu, wa ya haihu. Kafin mu kai ga gaisuwar shanu ƙofofi sun rufe. Babu ɗan kamasho da zan ɗaga wa hannu, babu direban da zai ce a jira Alhaji. Na yi tsaye da kati a hannu, dattijon na ta ba ni haƙuri kamar laifinsa ne.

Ina son jirgin, ba zan ɓoye ba. Wanda ya taɓa kwana cikin cunkoson Oshodi ba zai raina shi ba. Sai dai duk lokacin da na ji ana maganar a yi irinsa a Kano, inda dogo ya ratsa tsakiyar gari tun 1911, teburan bakin dogo nake fara tunawa, don su ne ba a cika ƙirgawa cikin lissafin injiniyoyi ba. Kawu ya koma wani lungu bayan masallaci. Goronsa na nan daushe da fari kamar da, ganye a jiƙe, amma masu wucewa yanzu ta saman gada suke bi, kunne a toshe da waya.

Da na je masa sallama zan taho gida hutun Sallah, ya ƙulle mani goro a ganye ya ce in kai wa Inna. Ya dubi agogon hannuna, wanda da ba na ɗaurawa.

"Tashi ka tahi, ɗana," in ji shi. "Wanga naku ba shi san kawu ba."