Bawan Da Aka Ƙera A Masana'anta



Daren Asabar da ta wuce, bayan mun tashi daga taro, ruwan Legas ya tsare mu a ofishin ƙungiya. Wani ƙaninmu ɗalibi ya kunna mana tsohon fim a kwamfutarsa don mu rage dare. Mun zauna da niyyar kallon harbe-harbe, sai ga shi mun ɓige da gardamar da har yau ba ta mutu ba.

Sunan fim ɗin Blade Runner, wanda Ridley Scott ya shirya a 1982 daga littafin Philip K. Dick na 1968. A cikinsa wani kamfani ne yake ƙera halittu masu nama da jini, kamarsu ɗaya da ɗan Adam, ana tura su wasu duniyoyi su yi aikin wahala da yaƙi. An yanke musu shekara huɗu kacal a duniya, don kada su daɗe har su fara ji a ransu kamar mutane. Wanda ya gudo ya dawo, ɗan sanda na musamman ne zai farauto shi ya harbe. Kuma ba sa kiran wannan kisa, wai ritaya suka yi masa.

Da aka gama, wani dattijonmu mai harkar shanu ya ce shi bai ga abin tausayi ba. "Abin da ka sa kuɗinka ka saya ai naka ne. Wa ya taɓa tambayar injin niƙa ko ya gaji?" Da yawanmu muka gyaɗa kai. Sai ɗalibin nan ya ce, "Baba, a gafarce ni, amma injin niƙa ba ya tsoron mutuwa." Ya tuna mana ƙarshen fim ɗin, inda shugaban waɗanda suka gudo, Roy Batty, ya ga mai farautarsa yana reto a bakin bene zai faɗo, ya miƙa hannu ya ciro shi, alhali shi kansa saura masa 'yan mintuna ya mutu. Wurin ya yi tsit.

Daga nan muka fara tambayar kanmu: in dai aiki kawai kamfanin yake so, me ya sa ya ba su fuska da wayo, har ya dasa wa wata daga cikinsu tunanin yarintar da ba ta taɓa yi ba? Amsar da muka samu ba ta yi mana daɗi ba. Yana son basirar mutum da ƙarfinsa, amma ba ya son biyan haƙƙin mutum.

Ashe ma tun asali haka maganar take. Kalmar robot, wato mutum-mutumi, ta fito ne daga wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Čapek, marubuci ɗan ƙasar Cek, wanda aka buga a 1920. Tushenta robota, aikin tilas da talakawa ke yi wa masu ƙasa. A wasan ma masana'anta ce ke ƙera ma'aikata masu arha, daga ƙarshe suka yi tawaye suka kusan shafe 'yan Adam. Masu kallon fim ɗin Indiya a cikinmu kuwa suka kawo Enthiran na Rajinikanth, na 2010. Masanin da ya ƙera Chitti shi ya koya masa so da fushi, amma da Chitti ya kamu da son budurwarsa sai ya daddatsa shi ya watsar a juji.

Na'urorin da muke da su a yau ba su kai nan ba. Abin da ya hana mu barci shi ne mun gane labaran nan da mu suke. A lokacin yaƙin duniya na biyu Turawan mulkin mallaka sun kwashi mutane daga garuruwan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos bisa tilas, kuma lissafin da aka yi da su na yawan hannaye ne. Yau ma a nan Kudu mun san yadda ake ji idan mutum ya shekara yana yi wa gida gadi ko yana kawo ruwa a kura, amma ba wanda ya san sunansa sai "aboki".

To amma laifi tudu ne. Mu da muke kuka da wannan, mu nawa ne muka san sunan ɗan dakon da ke sauke mana kwandunan tumatir a Mile 12 tun asuba? Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana aiki a gidajenmu, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, yaushe rabon da mu tambaye ta ko tana son karatu? Yaron shago da ya yi shekara bakwai yana jiran sallama fa? Ba a masana'anta aka ƙera su ba, iyaye ne suka haife su, amma ranar da ciwo ya kwantar da ɗayansu, abin da ke fara zuwa ranmu shi ne wa zai maye gurbinsa.

Dattijon namu bai sauka daga ra'ayinsa ba. Har yanzu yana cewa ƙarfe ƙarfe ne, kuma ba mu da hujjar da za mu kayar da shi a kan ƙarfe. Sai dai washegari da muka haɗu a kara, mun ji yana tambayar yaron da ke kora masa shanu garinsu da sunan mahaifinsa. Shekara uku ke nan yaron yana tare da shi.

A taro mai zuwa za mu kawo maganar biyan 'yan aiki a kan lokaci da ba su ranar hutu. Muna roƙon kowa ya zo da abin da ya gani a gidansa, kada ya zo da na maƙwabcinsa. Allah ya sa mu dace.