Ɗan Wani a Sheƙar Hankaka

A Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa ta Jihar Kano, gona na manne da gona, ga gero, ga dawa, ga gyaɗa da wake. Tsakaninsu manoma sun bar kuka da tsamiya da gawo. A ƙololuwar dogayen bishiyoyi irin waɗannan hankaka ke tara kirare ya yi sheƙa, gab da faɗuwar damina.

Duk mun san kirarinsa: hankaka mai da ɗan wani naka. Tun muna yara ake ce mana ƙwan wasu yake sacewa ya ƙyanƙyashe. To, a sheƙarsa kam akan sami ɗan wani, amma kawo masa ake yi.

Mai wannan aika-aika wata tsuntsuwa ce mai zuwa da damina, 'yar dangin ragon maza. Turawa na kiran danginta kuku, amma fa ba mai dafa abinci ba! Ragon maza yana gina sheƙarsa, ita kuwa ba ruwanta da gini. Sai ta faki idon hankaka ta saka ƙwanta cikin nasa, ta yi gaba. Tun 1977 masana suka wallafa bincike a kan haka daga Sakkwato.

Yaya za mu gane ɗan idan ya fito daga sheƙa? Mu fara da kai: nasa baƙi ne wuluk kamar ya sa hula, na uwarsa kuwa ruwan toka ne mai tukku. Wuyansa ruwan ƙwai ne mai haske, bayansa da ɗigo-ɗigon fari. Idan ya buɗe fiffike za mu hango ja-ja kamar jan ƙasa, wanda babba ba ya da shi. Wutsiyarsa doguwa ce mai farin baki. Yatsunsa biyu na gaba, biyu na baya. Na hankaka uku gaba, ɗaya baya. Babbar shaida kuwa, mu ga hankaka na ɗura masa abinci alhali ko kama ba su yi ba.

Wani dangin nasa a Turai yakan ture ƙwayayen masu gida su faɗi ƙasa. Wannan ba ya haka, tare yake tashi da 'ya'yan hankaka, sai dai ya fi su zalama.

Ga inda abin ya shafe mu. Ɗan da bai ƙware da tashi ba, shi danƙo ya fi samu. Idan kuwa ya girma, gizaka yake ci, tsutsar nan mai gashi da yawancin tsuntsaye ke gudu, mai cinye ganye. Saboda haka idan muka gan shi a hanyar makaranta, mu ajiye danƙo, mu ɗauko biro mu rubuta ranar, da bishiyar, da launin kansa. A nuna wa malamin kimiyya.